Me ya sa hasashen yanayin wayata ke shan bamban da na 'yan Norway?

Ɗan Funtuwa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina karatu a Tromsø da ke arewacin Norway, inda rana ba ta leƙowa daga ƙarshen Nuwamba har tsakiyar Janairu. Manhajar yanayin da ta zo da wayata sau da yawa ba ta dacewa da manhajar Yr, wadda kowa ke dubawa a nan. Idan muka shiga cikin ƙasa wajen Bardufoss da dare, sanyin da muke tararwa ya fi wanda wayar ta faɗa nesa ba kusa ba. Ashe ba sama ɗaya suke kallo ba?

Malam Iska:
Wa alaikumus salam ƙanena. Sama ɗaya ce, lissafin ne daban. Kwamfuta takan yanka sararin sama gida-gida kamar gidan dara, ta lissafa iska da zafi da danshin kowane gida. Tsarin cibiyar hasashen yanayi ta Turai, ECMWF, da ya game duniya, irin wanda manhajojin waya da yawa ke bi, faɗin gidansa kusan kilomita 9 ne. Yr kuwa, ta hukumar yanayin Norway da tashar NRK, a ƙasashen arewacin Turai tana dogara da tsarin MEPS mai gidan kilomita 2.5. Ƙaramin kwari ko lungun teku sai ya ɓace a babban gida.

Batun Bardufoss kuma, idan dare ya yi tsit babu gajimare babu iska, iska mai sanyi takan kwanta a ƙasan kwari saboda nauyinta, ta sama da ita ta fi ta ɗumi. Wannan siririn shimfiɗin yana wahalar da tsare-tsaren lissafi, shi ya sa sanyin da suke hasashe ba ya kai wa na gaske kaifi. Ni a ganina nan ne babbar matsalar, domin a irin wannan daren ne mai tafiya ke shiga haɗari.

Ga kuma ƙarancin awo. Taurarin ɗan'adam da ke tsaye kilomita 36,000 a saman tsakiyar duniya da ƙyar suke hango can arewa, kuma tashoshin sakin balan-balan na awo kaɗan ne. Tun 2015 Norway ke gudanar da tsarin hasashe na AROME-Arctic domin tsibiran Svalbard da tekun Barents, inda ƙananan guguwowi ke tashi cikin sa'o'i idan iskar kan ƙanƙara ta hau ruwa mai ɗumi-ɗumi. Masunta sun daɗe suna tsoronsu.

Maman Hanifa:
Malam, ka bar kudu a baya. A Antatika Amurkawa na da tsarin hasashe na AMPS tun shekarar 2000, aikin cibiyar binciken yanayi ta NCAR da Jami'ar Jihar Ohio. Sun gyara lissafin ne musamman domin ƙanƙara da gajimaren wurin. Jirgin da ya tashi daga Christchurch ta New Zealand zuwa tashar bincike ta McMurdo a Antatika, idan yanayi ya ɓaci a hanya, dole ya juya ya koma inda ya fito. Ka ga kuwa hasashen can ba abin wasa ba ne.

Ɗan Funtuwa:
Allah Ya ƙara ilimi. To Malam, in goge ta wayar ke nan?

Malam Iska:
A'a, bar ta. Na yau da gobe ka bi Yr, ka sake dubawa kafin ka fita domin ana sabunta lissafin sau da yawa a rana. Abin da ya wuce kwana uku, ita ma Yr ga ECMWF take komawa. In za ku hau dutse kuma, duba gargaɗin zaftarewar dusar ƙanƙara a shafin Varsom.