Hannun feda mai rami biyu ko uku a keke mai taya ɗaya: wa ya gwada?

Sani (Jidda)

Assalamu alaikum 'yan uwa. Kekena mai taya ɗaya inci 29 ne, hannun fedarsa kuwa milimita 150, yadda ya zo. A Kurnish, titin bakin teku, nake hawa bayan isha'i, kun san wurin a shimfiɗe yake, ba tudu ba gangara. Da na ɗan ɗauki gudu sai gwiwoyina su hau tashi da sauka, keken ya kama layi hagu da dama. Amma in na hau Ɗa'if wajen kawuna, wannan tsawon ne ke rufa mini asiri a gangara. Na ga ana sayar da hannun feda mai rami biyu ko uku, ka cire feda ka mayar da ita inda kake so. Kafin in zuba riyalaina, wanda ya yi amfani da shi ya gaya mini gaskiya don Allah.

Abu Yasir (Riyad)

Wa alaikumus salam ƙanena. Irin tayarka gare ni, kuma hannun feda ƙirar Kris Holm Spirit mai rami a milimita 127 da 150 nake amfani da shi. Tunda kekenmu ba sarƙa ba giya, zagayen ƙafa ɗaya shi ne zagayen taya ɗaya, wajen mita 2.3 ke nan a inci 29, ko wane hannu ka sa. Abin da ke canjawa shi ne da'irar da ƙafarka ke bi. A 150 tana cin santimita 94 kowane zagaye, a 127 kuwa 80. Shi ya sa gajeren ke sa ka juya da sauri ba tare da jijjiga ba, dogon kuma ya ba ka ƙarfin danne taya in ta so guje maka. A kwalta ina kan 127. In zan bi hanyoyin ƙasa na Wadi Hanifa, inda ake cin karo da tsakuwa da ɗan hawa, sai in koma 150.

Abin da masu talla ba sa faɗa: sirdi. Ka matso da feda ciki, to ta ƙasan ta taso da milimita 23, dole ka ɗaga sirdi daidai wannan, in ba haka ba gwiwa ce za ta biya. Na ja layi biyu a jikin sandar sirdin don kada in riƙa lalube.

Haruna mai gyaran keke (Makka)

Malam Sani, kafin komai kwance noti ka leƙa kan sandar tayarka. In mai kusurwa huɗu ce, tsohon yayi, waɗannan masu ramukan, da ke bin tsarin sanda mai haƙora da ake kira ISIS, ba za su shiga ba. ISIS haƙora goma gare shi. Kamfanin QU-AX ma suna da nasu daban da suke kira Q-Axle, shi ma ba ya shiga na ISIS.

Sai batun ramukan. Sandar feda ƙarfe ce, hannun kuwa alminiyom, duk gardamar da za a yi alminiyom ne zai sha kashi. An kawo mini wani, mai arha ne mara suna, yaro ya ɗaura fedar a karkace ya bi ta da sifana, ramin ya cinye tas. Ka fara ɗaurawa da yatsunka, sai ta yi zagaye da dama salin alin sannan ka kawo sifana mai lamba 15 ko alanki. Ta hagu baibai take ɗauruwa, duba L da R a jiki. Kuma kada ka juya sirdi gaba ya koma baya, fedojin za su riƙa kwance kansu kana tafiya.

Ramin da ba kowa a ciki kuwa gidan ƙura ne a ƙasar nan. Goge shi da tsohon buroshi ka shafa giris kafin feda ta shiga. Ku na Jidda ga danshin teku da gishiri, in ka bar feda ba giris ta daɗe, sai ta kafe kamar an yi mata walda.

Ɗan Madina

Ni dai zan ɗan saɓa wa Yaya Abu Yasir. Inci 36 nake hawa, na sa hannu ƙirar Nimbus VCX mai rami a 100, 125 da 150, da niyyar in riƙa canjawa a hanya. Ina! Wa zai tsaya cikin zafin nan yana kwance feda biyu, ya gyara sirdi, hannu duk giris? Kuma ƙafa tana da sabo. Duk ranar da na canja rami, hawan farko sai na yi ta fama, jiki na neman fedar inda ya saba samunta. A 100 gudun akwai daɗi wallahi, amma mota ta fito maka daga lungu, ka danna baya, tayar ba ta san kana yi ba sai an ɗan tafi. Na zauna a 125 ban sake taɓawa ba. Ga ragowar hannun da ke leƙowa bayan feda, yana taɓa ni a idon sawu in ƙafa ta matsa ciki, kuma kada wanda ya kuskura ya hau da jallabiya.

Amfanin da ya yi mini ɗaya ne, kuma ba ƙarami ba: da kuɗin hannu ɗaya na gwada tsayi uku na gane nawa.

Ummu Hanan (Jidda)

Sannunku. Ɗana ne mai hawa, ni 'yar kallo ce da biyan kuɗi. Nasa inci 20 ne. Wani abokin babansa ya ba shi dogon hannu wai zai fi sauƙin koyo, sai feda ta riƙa gugar ƙasa duk sanda ya karya kwana, ya yi ta zubewa a tsakar gida. Da aka mayar masa da 114 abin ya daina. Ƙaramar taya ba ta son dogon hannu, musamman ga yaro mai gajerun ƙafafu.

Sani (Jidda)

Allah ya saka da alheri. Malam Haruna na duba, haƙora goma ne, alhamdu lillahi. Yanzu shawarar: 127 da 150, ko 110 da 127? Kekena ba birki.

Abu Yasir (Riyad)

Ba birki kuma kana tunanin 110 a Ɗa'if? Garin da ke sama da mita 1,800, unguwar kawunka ma ka ce gangara ce. Ɗauki 127 da 150. Ka fara da 127 a Kurnish inda ba cunkoso, ka koyi tsayawa kafin ka nemi gudu. In kana son 110 daga baya, sa birki tukuna. Spirit na da wurin ɗaura faifan birki a hannun dama, amma sai firam ɗinka yana da mazaunin birkin.

Haruna mai gyaran keke (Makka)

Kuma in ka cire tsohon hannun, kada ka yar da 'yan zobban da ke tsakaninsa da boris, su ne ke tare sabon kada ya shige ciki ya gogi firam. Bayan hawa na farko ka sake bin notin da alanki mai lamba 8, yakan ɗan saki.