Ɓoyayyun fayilolin da Mac ke bari a filashi: wanne ake gogewa?

Mai ɗaukar hoton biki, Agege:
Salamu alaikum jama'a. Na kwashe hotunan wani biki daga MacBook zuwa filashi, na kai wa dangin amarya. Da suka sa a talabijin sai ga kowane hoto ya fito sau biyu, ɗayan sunansa ya fara da ._ kuma ya ƙi buɗewa. Hankalinsu ya tashi, sun ɗauka rabin hotunan sun lalace. Don Allah wanda ya taɓa gamuwa da wannan ya faɗa mana yadda ya yi.

Mai gyaran kwamfuta, Computer Village, Ikeja:
Wa alaikumus salam. Malam, hotunanka lafiya lau suke, kullum ana kawo mana irin wannan a shago. Tsarin ajiyar filashi yawanci FAT32 ne ko exFAT, ba su da wurin ajiye ƙarin bayanan da Mac ke liƙa wa fayil, kamar launin alamar da ka sa masa ko inda aka sauko da shi. Sai Mac ya zuba su a wani ɗan fayil mai ._, galibi 4 KB. Kafin ka zare filashin, buɗe Terminal (wurin rubuta umarni a Mac), rubuta dot_clean -m, bar tazara, jawo filashin ka sake shi a wurin, ka danna Enter, zai share masu ._ ɗin. Shi kuwa .DS_Store tsarin yadda Finder, manhajar duba fayiloli ta Mac, ke jera folda ne kawai, haka Thumbs.db na Windows ƙananan hotunan leƙe ne. Goge su ba ya taɓa aikinka, kuma za su sake dawowa.

Mai buga kati da kalanda, Shomolu:
Oga, ga hoto da waƙa na yarda da kai, amma ba ko'ina ba. Wani ya kawo mana aikin kalanda da tsofaffin fayilolin salon rubutu (font) na Mac, bayan yaronsa ya share duk masu ._ daga filashin. Muka duba, kowanne 0 KB. Irin waɗannan tsofaffin, ainihin kayan a cikin ._ ɗin yake zaune idan sun bar Mac. Allah ya sa na asali na nan a kwamfutarsa, ya koma ya matse su a zip ya aiko. Tun daga nan ba mai goge komai a shagona sai na tabbatar akwai kwafi a wani wurin.

Ɗalibar kimiyyar kwamfuta, Idi-Araba:
Ni a Linux nake yi. Ina shiga cikin filashin in rubuta find . -name '._*' -print in karanta abin da ya fito layi-layi, sannan in sauya -print da -delete. Ina roƙon 'yan'uwa, kada ku ce duk abin da ya fara da ɗigo shara ne. Folda .git tarihin aikin mai rubuta manhaja ce gaba ɗaya, .ssh kuma makullansa ne na shiga wasu kwamfutoci daga nesa. Na ga abokin karatuna yana kuka a kan wannan.

Mai tura karatu da wa'azi a memori, Alaba Rago:
Allah ya ƙara basira, 'yata. Ni abin da ya fi cin wuri a filashin da ake kawo min shi ne .Trashes. Mutum ya goge bidiyo a Mac bai zubar da kwandon shara ba, ya zare, filashi na ta cewa ya cika. A mayar da shi Mac a zubar da kwandon, shi ke nan.

Sai kuma wani abu da ya fi damuna. A nan kasuwa cutar kwamfutar nan (virus) mai ɓoye foldodi ta bar gajerun hanyoyi (shortcut) a madadinsu ta yi yawa, don haka abin da ka gani a ɓoye zai iya zama kayan mai filashin ne. Ni sai na fara da umarnin Windows attrib -h -s -r /s /d a kan filashin, komai ya fito fili, na duba girman kowanne, sannan na taɓa maɓallin gogewa. System Volume Information kuwa na Windows ne, ba na kula shi.