Neman shawara: sojoji na so in yi musu tafinta zuwa ƙarshen damina

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina zaune a wani ƙauye tsakanin Mora da Kolofata a arewacin Kamaru, sana'ata gyaran babur. Ina jin Hausa da Barbarci da Fulatanci, Faransanci ma ba laifi. Bulamanmu ya kira ni ya ce sojojin da suka yi sansani kusa da mu na neman wanda zai riƙa yi musu tafinta, ya kuma nuna musu hanyoyin daji, zuwa ƙarshen damina. Ba kaki, ba bindiga, amma umarni daga bakin hafsansu zan riƙa karɓa. Raina yana so, don da idona na ga yadda aka ƙona mana rumbuna. Inna kuwa ta ce sam. In na shiga, soja nake ko farar hula? In aka sa ni abin da zuciyata ba ta kwanta da shi ba, ina da ikon ƙi?

Tsohon ɗan sintiri, Mora:
Wa alaikumus salam ƙanena. Farar hula za ka shiga, farar hula za ka fito. Mu da muka shiga kwamitin sa-ido bayan harin da Boko Haram ta kai Kolofata a Yulin 2014, wanda aka sace matar Amadou Ali, mataimakin firaminista a lokacin, sunayenmu a wurin suprefe, wato jami'in gwamnati mai mulkin gunduma, suke, ba a rajistar soja ba. Amma in an shiga daji, mai bindiga ke magana. Kuma mai nuna hanya shi ne a gaba. Kai da tocila da takalmin roba kana duban inda aka tone ƙasa aka mayar, su suna baya cikin mota. Albashi ba mu gani ba, sai tallafi jifa-jifa, babura da kekuna da na'urar gano ƙarfe. Ka tambaye su tun yanzu, in ka taka nakiya wa zai biya asibiti.

Jandarma mai ritaya, Marwa:
Ɗana, fara sanin sojojin wa ne. Akwai BIR, wato rundunar kai ɗaukin gaggawa, masu aikin da ake kira Alpha, akwai sojojin aikin Emergence 4, akwai kuma rundunar haɗin gwiwa ta ƙasashen Tafkin Chadi, wadda hedikwatarta ke Njamena, sashenta na ɗaya kuma a Mora. Kowacce da shugabanninta, alkawarin wannan bai ɗaure wancan ba. Kada ka taka ko'ina sai da takarda mai sunanka da aikinka da ranar gamawa. Dalili kuwa, dokar yaƙi da ta'addanci ta Disamban 2014 ta bai wa kotun soja ikon yi wa farar hula shari'a. Mutumin da ya san kowace hanyar daji, wayarsa cike da lambobi, in an sauya rukuni sababbi suka tsare shi ba takarda, da wane baki zai kare kansa?

Batun ƙin umarni, ba ka yi rantsuwar soja ba, ba wanda zai kira ka wanda ya gudu daga bakin daga. Sai dai tsakiyar daji ba wurin musu ba ne. Ka faɗi iyakarka ranar farko, a gaban bulama: fassara da nuna hanya. Ba duka, ba ɗaure mutum, ba nuna gidan kowa da yatsa.

Wata uwa, Mora:
Yarona, ka saurari Innarka. Maigidana ya yi irin wannan aiki. Sojojin da ya yi wa hidima an ɗauke su, mu aka bari a ƙauye da kowa ya san fuskarsa da muryarsa. Har rijiya mata suka daina yi mini magana saboda an kama ɗan wata. Ƙarshe da dare muka kwashe yara, gonarmu wani ke nomawa yanzu. In ma za ka je, kada ka fita ba albarkarta.

Malamin makaranta, Kuseri:
Hajiya, Allah ya mayar muku da alheri. Amma in masu amana duk suka janye, wa za a ɗauka? Makiyayin da ba ya jin Faransanci, ransa a bakin tafinta yake. Ni ina ganin ka karɓa, ɗan'uwa, bisa sharuɗɗan Baba jandarma. Abin da aka faɗa shi za ka mayar, ko da maƙiyinka ne ke durƙushe a gabansu.

Mai tambaya:
Na gode, Allah ya saka. Zan zauna da Inna da kawuna tukuna, in ta yarda bulama ya raka ni wurin suprefe. Baba, sa hannun suprefe ya isa?

Jandarma mai ritaya, Marwa:
Bai isa ba. Hafsan ma ya sa hannu ya buga hatimi, ka yi kwafi ka bar wa kawunka ɗaya.