Adashina ya kusa fitowa, wane injin wanki zan saya?

Maman Hanif, Sharaɗa: Assalamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da war haka. Don Allah shawara nake nema. Ƙarshen watan nan zan ɗauki adashi, kuma na ƙudurta injin wanki zan saya da kuɗin. Mu huɗu ne a gidan, ni da maigida da yara biyu, babban yana firamare, ƙaramar ko yaye ta ba a yi ba, kun dai san kayan goyo ba sa ƙarewa. Koyarwa nake yi, sai Asabar nake samun sukunin wanki, in wuni a tsugune. Gidan haya muke. Ruwan famfo ba ya zuwa layinmu, akwai burtsatse a gidan amma sai an kawo wuta ake ja a tanki, in babu sai 'yan garuwa. Na leƙa shagunan France Road a Sabon Garin Kano, wani ya ce in ɗauki mai baki biyu, wato mai ɓangaren wanki daban da na matsewa daban, wani ya ce wannan tsohon yayi ne, in ɗauki otomatik mai ƙofa a gaba. LG, Hisense, Thermocool, Scanfrost duk an nuna min, kaina ya ɗaure. Ni dai wanda zai daɗe bai ba ni ciwon kai ba nake so.

Hajiya Babba, Gwammaja: Wa alaikumus salam 'yata. Tunda kika ambaci 'yan garuwa ai kin amsa tambayarki da kanki. Ki ɗauki mai baki biyu ki huta. Da bokiti za ki zuba masa ruwa, ki sa omo, ki murɗa agogonsa ya yi ta juyawa, in ya tsaya ki kwashe kayan ki sa a ɗaya ɓangaren ya matse. Ba ruwansa da famfo. Ni da ruwa ɗaya nake fara wanke fararen kaya, in bi da masu launi, in ƙarasa da tsummokaran kicin, sannan in saki ruwan a wanke tsakar gida da shi. In aka ɗauke wuta kina tsaka da wanki, murfi kawai za ki ɗaga ki kwashe kayanki ki ƙarasa da hannu. Nawa tun kafin auren autata yake, yanzu ga shi tana da goyo.

Amaryar Nassarawa: Hajiya a yi min afuwa, amma mai baki biyun nan ai rabin wankin kai ne mai yi. Ɗebo ruwa, zubar da ruwa, ɗauraya, ciro jiƙaƙƙun kaya daga nan zuwa can. Macen da ke zuwa aiki hutu take nema. Nawa mai ƙofa a gaba ne, in zuba kaya in danna in tafi sabgata, in dawo in shanya. Kuma ya fi kowane iri tattalin ruwa, kayan ma sun fi fita. Maman Hanif, in kuɗinki ya kai kada ki tsaya wata-wata.

Hajiya Babba, Gwammaja: Amarya, gidanki akwai sola ko babu?

Amaryar Nassarawa: Akwai Hajiya, da tanki a saman bene.

Hajiya Babba, Gwammaja: To kin ji.

Malam mai gyara, Sabon Gari: Salamu alaikum. Gyaran firji da injin wanki ne sana'ata, bari in sa baki. Amarya ba ta faɗi ƙarya ba, mai ƙofa a gaba ya fi iya wanki kuma ya fi rage ruwa. Sai dai shi inji ne mai sharuɗɗa, kuma masu shago ba sa tambayar mutum yadda gidansa yake.

Na farko ruwa. Otomatik da kansa yake jan ruwa ta tiyo, kuma sai ruwan ya zo da ƙarfi bawul ɗinsa, wato mashigar ruwan, yake cika shi a kan lokaci. Ƙarfin ruwan tanki kuwa daga tsayinsa yake zuwa, ba daga girmansa ba. Da yawa daga injinan nan suna son ƙarfin da sai tanki ya kai wajen mita 5 sama da inji ake samu. Ki duba na gidanku, in irin wanda aka ɗora a kan ɗan ginin bulo ne ko gajeren ƙarfe, ruwan zai riƙa tsiyaya ne kawai, injin ya gaji da jira ya tsaya yana ƙara. Sai an sa masa ƙaramin famfon tura ruwa, wannan kuma wani kuɗin ne da wata wutar. Ranar da tankin ya ƙare kuwa ba wanki, ko jarka ashirin 'yan garuwa suka kawo.

Sai wuta. Mai ƙofa a gaba yana da hita a ciki, tana cin wajen wat 2000 in aka sa wankin ruwan zafi, ƙaramin janareta ba zai ɗauka ba. Zagaye ɗaya na wankinsa yakan haura awa guda, wani shirin ma ya kai biyu, kuma yana kulle ƙofa, in ruwa na ciki ba za ki iya buɗewa ba sai an zubar da shi. Mai baki biyu motar da ke juya shi ba ta cika wuce wat 400 zuwa 500 ba, agogonsa minti 15 ne, matsewa minti 5. In an kawo wuta ta awa ɗaya kin yi zubi biyu ko uku.

Inda na fi so ki kula shi ne gyara. Cikin mai baki biyu ba komai sai mota biyu, bel, kafasita da agogo. Duk ana samunsu a nan Sabon Gari, yaron shagona ma zai canza miki. Otomatik kuwa fanel ne, wato ɗan allon lantarki da ke cikinsa, ke tafiyar da shi, in wuta ta zo da ƙarfi ta ƙona shi, sai an samo daidai na wannan samfurin, wani lokacin sai an aika Legas. Akwai guda biyu a shagona yanzu, ƙura ta rufe su, fanel muke jira. Duk wanda zai sayi otomatik ya haɗa da sitabilaiza mai daidaita ƙarfin wuta a lissafinsa.

Maganar kamfani kuwa, duk waɗanda kika lissafa suna da kaya a gari. Ki zaɓi wanda mai shagon zai ba ki rasit da katin garanti da hatimi, ya kuma faɗa miki inda wurin gyaransu yake a Kano. A jona a gabanki, a juya ɓangarorin biyu ki ji ƙararsu kafin a ɗora a adaidaita.

Maman 'yan biyu, Ɗorayi: Malam Allah ya saka da alheri. Ni gargaɗina ɗaya ne, kada zumuɗin sabon inji ya sa ki jefa shaddar maigida a ciki. Ƙyallinta zai tafi, ta yi karaya, aikin wuyan ya yamutse. Shadda da leshi mai duwatsu a bar su ga hannu ko a kai wa mai wanki da guga. Atamfa ma in sabuwa ce ki fara jiƙa ta ita kaɗai ki ga ko tana zuba. Amma yunifom, zanin gado, tawul, kayan jarirai, wallahi sai kin ce ina ma tun da kika saya. Safar yara ki zuba su a tsohuwar rigar filo ki ɗaure bakin, in ba haka ba sai su shige ƙarƙashin faifan da ke juyawa. Ki riƙa laluba aljihu kuma, ƙusa da ɗan makulli ba abin da ba na tsinta.

Abban Sultan, Hotoro: Wani abokina ya ce na hannu ɗan Kwatano ya fi sababbin yanzu ƙarko, kuma ya fi sauƙin kuɗi. Malam ya gaskiyar maganar?

Malam mai gyara, Sabon Gari: Akan dace, Alhaji, amma sai ka je da wanda ya san kan abin. A duba takardar da ke manne a bayansa. Wutarmu 220 zuwa 240 ce, na Ingila da Turai sun yi daidai da ita, na Amurka kuwa yawanci 110 zuwa 120 ne, kana jonawa kai tsaye ya ƙone. Kuma kusan duk na hannun otomatik ne, mun koma maganar ruwa da fanel ke nan. Ga mai kuɗin adashi ban ba da shawararsa ba.

Maman Hanif, Sharaɗa: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na fita na duba, tankinmu da kaɗan ya fi katanga tsayi, don haka mai baki biyu zan ɗauka in sha Allah. Malam kilo nawa zai ishe mu? Kuma a tsakar gida zan iya ajiye shi? Banɗakinmu ƙarami ne.

Malam mai gyara, Sabon Gari: Kilo 7 ko 8 ya ishe ku, Malama. Nauyin busassun kaya ake nufi, kuma ɓangaren matsewa yakan gaza na wanki, don haka babban bargo ba zai shiga ba. Tsakar gida ba laifi in akwai rumfa, don rana tana gasa robarsa ta yi ta tsagewa. Ki ɗora shi a kan katako inda ƙasa take daidai, ki ɗinka masa riga saboda ƙurar hunturu, kada kuma a riƙa kwara masa ruwa ta wajen maɓallan. Ƙasansa a buɗe yake, ɓera na shiga ya ci waya, ki sa kafinta ya buga miki raga a jikin katakon.