Kansar fata ta dawo bayan gashi, wai akwai maganin haske?

Maman Ilham:
Salam yan uwa, dan Allah shawara nake nema. Kanina zabiya ne, shekara 2 da suka wuce akai masa gashi (radiotherapy, wato kona cutar da na'ura a asibiti) saboda kansar fata a gefen kunne, wurin ya warke sumul har mun manta, to yanzu ga wani jan tabo ya fito daidai wurin yana ta sabar fata. Likita yace baza'a sake gashi a nan ba. Wani yace mana akwai PDT, wai mai ake shafawa a haska fitila shikenan. Da gaske ne ko labarin WhatsApp ne?

Abban Sadiq:
Wslm, Allah ya bashi lafiya. Gaskiya ne Hajiya, ba tatsuniya bace. Man da ake shafawa irinsu Metvix ne, a rufe wurin kamar awa 3, kwayoyin cutar su zuke maganin fiye da lafiyayyar fata, sai a haska jan haske wajen minti 10, hasken ya hadu da maganin da iskar oksijin ya kashe su. Yawanci sau 2 ake yi, sati daya tsakani. Abinda yasa ake maganarsa bayan gashi shine fata tana da iyakar gashin da zata iya dauka, kuma wurin da aka gasa baya saurin warkewa in anyi tiyata, shi kuwa wannan ana iya maimaitawa. Amma fa akwai zafi, kamar ana diga maka barkono, kuma kwana 2 ba shiga rana.

Anti Nas:
Duk abinda ya fada haka ne, amma ni inda nake jin tsoro daban. Hasken nan baya wuce kamar milimita 2 cikin fata, wanda yake sama-sama kadai yake kamawa. Zabiya kuma irin kansar fatar da tafi kamasu itace wacce ake kira squamous, mai nutsewa ciki, in ita ce ta dawo sai saman ya warke kuyi ta murna alhali tana can tana cin kasa. Kar ku yarda a haska komai sai an yanki dan nama an kai lab tukunna, a kuma taba wuyansa a ji ko akwai kaluluwa. In tayi zurfi tiyata ce maganarta.

Maman Ilham:
Innalillahi, wlh ba'a dauki naman ba, mu da har mun fara tambayar kudin zuwa Masar. Ranar Litinin zamu koma asibiti insha Allah. Anti in an dauka kwana nawa sakamakon yake yi kafin ya fito?