Kafin ka tura mana labari: shawarwarin 'yan zaure

Alhaji Mai Wake: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema, kuma raina a ɓace yake. Shekaranjiya da dare ɗana ya turo mini hoton wata gada da ruwa ya cinye, an rubuta a ƙasa wai hanyar Ɗan Isa ce. Ina da mota cike da wake za ta Jibiya da asuba, na kira direba na ce kada ya motsa. Sai bayan azahar na ga wanda ya biyo hanyar, ya ce lafiya lau take, ko kududdufi babu. Kafin motar ta isa, mai jiran kaya ya saya a hannun wani. To ku da kuka san kan waya, wace kafa kuke yarda da ita? Kuma yaya mutum zai gane labarin da aka yi wa ƙari?

Direban Jibiya: Wa alaikumus salam. Allah ya mayar da alheri, Alhaji. In dai maganar hanya ce, a bar waya a tambayi tasha. Motar farko da ta shigo daga Jibiya ko Katsina, direbanta ya fi kowane shafi sanin halin da kwalta ke ciki. Ni ko ƙarfe nawa ne a kira ni.

Mai Shagon Caji, Bagalam: Baba Alhaji, sannu. Wannan hoton ya zo mini ni ma, kuma na taɓa ganinsa a wata damina da sunan wani gari daban. Akwai abu mai sauƙi da ake kira Google Lens, yana cikin yawancin wayoyin Android. Ka saka masa hoton, sai ya fito maka da wuraren da aka taɓa wallafa shi. In ka ga tun shekara uku da suka wuce yana yawo, magana ta ƙare. Akwai TinEye ma, shi har yana jera maka daga mafi tsufa. In bidiyo ne, ka tsayar da shi, ka ɗauki hoton fuskar wayar, ka bincika da wannan.

Ko babu mega ma ido yana aiki. Ka dubi lambar motocin da ke cikin hoton, tamu ta Nijar ce ko ta Najeriya? Allunan shaguna da Faransanci aka rubuta su ko da Ingilishi? Kakin jami'an da ke tsaye, na jandarmominmu ne? Na taɓa ganin an ce abu ya faru jiya, alhali muna tsakiyar hunturu, amma ciyawa shar a hoton.

Hajiya Mai Atamfa: Ni fa ɗana, abin da ya fi damuna ba hoto ba ne, murya ce. Sai ka ji wani yana haki yana cewa "jama'a ku yaɗa, wallahi yanzu-yanzu", ba suna, ba gari, ba rana. Lokacin ambaliyar 2024 aka turo irin wannan cewa ruwa ya shafe unguwar da ƙanwata take aure. Mahaifiyarmu tana zaune a tabarma tana jin saƙon, sai na ga carbin ya suɓuce daga hannunta. Mun kira layi bai shiga ba, mun kwana ba mu runtsa ba. Da safe ga ƙanwar tawa ta shigo da goyonta, katangar maƙwabta ce kawai ta faɗi. Ambaliyar gaskiya ce, Maradi ta ji jiki a shekarar, an rasa rayuka da gidaje. Amma shi mai muryar ya ɗora tasa a kai, kuma hawan jinin tsohuwa bai sauka ba sai da muka kai ta likita.

Mai Shagon Caji, Bagalam: Inna, ki riƙa duba saman saƙon. In kika ga kibiya biyu, WhatsApp na gaya miki ne cewa ya ratsa hannu aƙalla biyar kafin ya iso gare ki. Wanda ya turo miki bai san mai maganar ba ke nan.

Mushen Lise: Ina gaida dattawa. Alhaji ya tambayi abu biyu ne, kuma na biyun ya fi wuya. Ƙarya tsagwaronta tana da sauƙin kamawa. Wanda ke wahalar da mu shi ne labarin da kowace kalma a cikinsa gaskiya ce, amma an yanke masa rabi.

Ku tuna da maganar iyaka. CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Yammacin Afirka, ta ƙaƙaba mana takunkumi ranar 30 ga Yuli 2023, ta ɗage shi ranar 24 ga Fabrairu 2024. A ranar shafuka suka cika da "an buɗe iyaka". To an buɗe ɗin? Najeriya ba ta buɗe ɓangarenta ba sai cikin Maris, Nijar kuma ta ƙara 'yan kwanaki kafin ta buɗe nata. Duk wanda ya loda kaya saboda kanun labarin Fabrairu ya san abin da ya tarar a Ɗan Isa. Ɗage takunkumi daban, umarnin da zai iso hannun ɗan duwan da ke bakin shinge daban. Shi ya sa nake hana ɗalibaina tsayawa a kanun labari. Sau da yawa mai rubuta kanun yana neman a latsa ne kawai, abin da ke ciki kuma bai kai haka zafi ba.

Haka zancen layin dogon Kano zuwa Maradi. Tun da Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da aikin a Fabrairun 2021, wasu jaridun kudancin Najeriya suke rubutu kamar duk kuɗin a ƙasarmu za a zuba. Ba su cika faɗin cewa daga cikin kilomita kusan 284, mafi yawa a cikin Najeriya yake ba, ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. A namu ɓangaren kuma sai ka ga an saka hoton jirgin Abuja zuwa Kaduna an ce ga namu ya kusa. Kowa ya ɗauki gefen da zai yi wa masu karatunsa daɗi.

Direban Jibiya: Mushe ka taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Wancan watan na Fabrairu na ga motoci sun yi layi suna jiran abin da ba a sa hannu ba tukuna.

Ɗalibar Jami'ar Ɗan Dikko: Barkanku iyayena. Ina so in ƙara wani kuskure da mu 'yan Nijar ya fi shafa. A Ingilishi sunan ƙasarmu da sunan jihar Neja ta Najeriya rubutu ɗaya ne. Shafukan da ke kwafo labari su jefa shi a injin fassara ba sa bambancewa. Da tankar mai ta fashe kusa da Suleja a Janairun 2025, da kuma ambaliyar Mokwa a watan Mayun 2025, na ga wurare da suka rubuta "a Nijar". Kawuna da ke aikatau a Libiya ya kira hankali tashe. Da ka ga an ambaci Minna ko Bida ko Kontagora, ka san ba mu ba ne. Ko a cikin gida akwai Tibirin Gobir nan kusa da mu, akwai Tibiri ta jihar Doso. Akwai Gaya a Doso, akwai Gaya a Kano. Labarin da bai faɗi jiha ba bai gama faɗin wuri ba.

Masu tantance labari da nake bi: Dubawa, ta Najeriya ce kuma tana rubutu da Hausa. Africa Check tana da sashen Faransanci. AFP Factuel ma suna yawan bin diddigin hotunan da ke yawo a yankin Sahel. Sai dai ba sa iya bin kowace jita-jitar unguwa, manyan ne suke kamawa.

Alhaji Mai Wake: Allah ya yi miki albarka, ɗiyata. To a gidajen rediyo fa? Mu da muka tashi da BBC da Jamus a kunne, yanzu an ce su ma a yi hattara. Wa za mu kama?

Tsohon Ɗan Jarida: Alhaji, na yi shekaru ina ɗauke da rakoda, bari in faɗa maka abin da na sani ba tare da ɓoyo ba. Babu gidan da ba shi da ubangida. Télé Sahel da Muryar Sahel da jaridar Le Sahel na gwamnati ne. RFI kuɗin Faransa ke tafiyar da ita, DW na Jamus, TRT Afrika na Turkiyya, kuma Rasha da Sin da Iran duk suna da nasu. Masu zaman kansu irin su Anfani da Sarauniya suna rayuwa da talla da sanarwa. Studio Kalangou, wanda ya fara a 2016, wata gidauniyar Suwizalan ce mai suna Hirondelle ta kafa shi. Wanda ya ci ladan kuturu kuwa an san sauran. Wannan ba ya nufin duk maƙaryata ne, akwai ƙwararru masu tsoron Allah a kowane ɗayansu. Yana nufin kowanne akwai inda idonsa ke gani sosai, akwai inda yake kau da kai.

Ni abin da nake yi, in labari ya yi nauyi, ina jin sa daga baki biyu da ba sa ga-maciji da juna. Inda suka haɗu, nan ne ƙashin labarin. Inda suka rabu, nan nake sa kunne. An dakatar da RFI da France 24 a Agustan 2023, an dakatar da BBC na wata uku a Disamban 2024 bayan saɓani kan adadin mutanen da aka ce an kashe a yankin Tera. Kafafen waje sun faɗi nasu adadi, hukumomi sun musanta. Mai sauraro a Maradi ba ya wurin. Abin da zai iya shi ne ya tambaya: wa ya ba da adadin, yana da suna, ya gani da idonsa ne ko an gaya masa?

Sannan ku riƙa sauraron kalmomi. Abu ɗaya ne, wani ya ce "sojojin da suka ƙwace mulki", wani ya ce "hukumomin ƙasa". Wani ya ce "ya bayyana", wani ya ce "ya yi iƙirari", kuma da wannan kalma guda ya riga ya gaya maka kada ka yarda. Wanda ya fi ci mini rai shi ne labarin satar mutane a Madarunfa da Gidan Rumji. In ɗan jarida ya ce "'yan bindiga", ya faɗi laifi. In ya laƙaba sunan ƙabila, ya shafa wa makiyayin da shi ma aka kore masa shanu, kuma gobe a kasuwa ba a san wanda zai biya wannan kalmar ba.

Adadi kuma a ba shi lokaci. Ranar da gobara ta cinye azuzuwan zana a nan Maradi cikin Nuwamban 2021, Allah ya jiƙan yaran, wasu kafafe sun ce 25, wasu 26. Ba ƙarya wani ya yi ba, a sa'o'in farko ana kan ƙirga ne. Gidan kirki zai ce "aƙalla", kuma in ya yi kuskure zai dawo ya gyara a fili. Shafin da bai taɓa cewa "mun yi kuskure" ba, ni ba na ba shi amana.

Hajiya Mai Atamfa: Amin ya Allah. Har yau in na tuna ranar nan jikina sanyi yake yi.

Malamin Zaure: Allah ya saka wa kowa. Abin da kuke faɗi ba baƙo ba ne a wurinmu. Aya ta 6 a Suratul Hujurati ta umarce mu da yin bincike in aka zo mana da labari, don kada mu cutar da mutane cikin rashin sani mu wayi gari muna nadama. Malaman hadisi kuma ba su karɓar magana sai sun san wa ya ji daga wa. Ina roƙon matasanmu abu guda: labarin da ya yi daidai da abin da zuciyarku ke so, shi za ku fi tsananta wa bincike. Na lura in labari ya soki wanda ba mu so, ko minti ɗaya ba ya yi a hannunmu.

Alhaji Mai Wake: Gaskiya ne, Malam. Akwai kuma na farashi. Sai a rubuto "buhun gero ya kai dubu kaza", ba a ce naira ba ce ko sefa, ba a ce buhun tiya nawa ba, ba a ce wace kasuwa ba. Manomi a ƙauye ya ji ya riƙe hatsinsa.

Mushen Lise: Wannan akwai SIMA, Alhaji, hukumar da ke tattara farashin kasuwannin hatsi na ƙasa. Amma kai da kake da mutane a Tasawa da Dakwaro, kiran waya biyu ya ishe ka.

Ɗalibar Jami'ar Ɗan Dikko: Kada a yarda da tambari kawai. Yaro da waya zai iya manna alamar BBC Hausa ko ta Aminiya a kan duk abin da ya ga dama, yanzu har murya ana kwaikwaya da ƙirƙirarriyar basira. In an ce gida kaza ne ya faɗa, a je shafinsu na ainihi a duba. A Facebook akwai wurin da ke nuna ranar da aka buɗe shafi, da sunayen da ya taɓa amsawa, wani lokaci har da ƙasar da masu kula da shi suke. Na taɓa duba wani da ke kiran kansa muryar Maradi, ashe a da turare yake tallatawa.

Tsohon Ɗan Jarida: Kuma a sani, tun Yunin 2024 an maido da hukuncin ɗauri a dokar laifukan intanet, har da yaɗa abin da zai iya tayar da hankalin jama'a. Ina faɗa ne don yaranmu masu saurin yatsa.

Alhaji Mai Wake: Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Direba, na adana lambarka. Kai kuma ɗana mai caji, kana shago bayan la'asar? Zan zo da wayar da yaron nawa ka nuna mana wannan abin duba hoton.

Mai Shagon Caji, Bagalam: Ina nan har magariba, Baba. Ku taho da hoton gadar, da shi za mu fara.