Yaya ake juye tsofaffin kaset zuwa kwamfuta ba tare da murya ta lalace ba?

Mai Neman Sani

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Akwai kaset wajen 60 a kwali, yawancinsu C90, wato masu minti 90, na tafsirin azumi da wa'azi, sai kaɗan na waƙoƙin biki. Wasu an saye su a kasuwa, wasu daga rediyo aka naɗa. An gwada haɗa ƙaramar rikoda da laftof ta ramin makirfo, sai murya ta fito tana tsatstsagewa, ga wani gurnani a ƙasa. Me ake buƙata, kuma ta ina ake farawa? Ko dai a sayi 'yar rikodar nan mai USB a huta?

Mai Gyaran Rediyo

Wa alaikumus salam Malam. Ajiye kwamfutar tukuna. Abin da hed, wato ɗan ƙarfen da zaren kaset ke gogawa a kansa, bai karanto daga zare ba, babu manhajar da za ta dawo maka da shi, don haka rabin aikin a wurin inji yake.

Nemi dek na hannu, wato injin kaset irin na falo, Sony ko Technics ko Pioneer ko JVC, wanda ke da ramuka biyu a baya, fari da ja, an rubuta Line Out ko Play. 'Yar rikodar USB tana da arha, amma motarta ba ta riƙe gudu daidai, murya sai ta riƙa lilo, kuma galibinsu ba su da Dolby, tsarin rage shuuu na kaset, ko maɓallin zaɓen nau'in zare. Ga magana zalla a iya haƙuri da ita. Ga waƙa ko ƙira'a kuwa kunne zai gane nan take. Idan da zaɓi, ka guji dek mai juya kaset da kansa, domin saitin hed ɗinsa yakan yi daidai a fuska ɗaya ya kauce a ɗayar.

Dek ɗin da ya shekara 20 a ajiye, bel, robar da mota ke juya inji da ita, shi ne farkon abin da ke mutuwa a cikinsa. Ko dai ya saki, ko ya narke ya zama kamar kwalta. A canza shi da mai girmansa, kada a ɗaura robar kuɗi. Zaren kaset yana tafiya ne a kan santimita 4.76 a daƙiƙa, kuma ɗan kaucewa kaɗan ya isa ya sirantar da muryar malami ko ya kaurara ta.

Sai wanki. Sami sinadarin isopropyl, wanda masu gyaran waya ke wanke fanel da shi, mai ƙarfin kashi 90 ko sama. Jiƙa audugar goge kunne, ka goge hed da siririn ƙarfen nan mai juyawa da ke jan zare, har auduga ta daina fitowa da jan datti. Baƙar rolar roba da ke matse zare a jikin ƙarfen, da ruwa kaɗan za a goge ta, saboda yawan sinadari yana busar da roba. Idan rolar ta yi tauri tana sheƙi, ita ce mai cin kaset, a canza ta. Ka fara gwaji da kaset ɗin da ba za ka yi baƙin ciki ba idan inji ya tauna shi.

Su ma kaset ɗin a duba su ɗaya bayan ɗaya:

Ɓalle 'yan haƙoran nan biyu na saman kaset, don kada hannu ya kuskure ya taɓa Record a shafe karatu.

Leƙa tsakiyar bakin kaset. Akwai ɗan soso a kan siririn ƙarfe, shi ke danna zare a jikin hed. Yakan faɗi idan gam ɗinsa ya bushe, daga nan murya ta dusashe ko ta ɓace gaba ɗaya. A ciro daga wani kaset a manna da ɗigon gam, a bari ya bushe sarai kafin zare ya taɓa shi.

Sa biro ka ɗaure zaren da ya saki, sannan ka tura kaset har ƙarshe ka dawo da shi sau ɗaya. Wanda ya cije ko yake ƙara, kwansonsa ne ya lanƙwashe saboda zafi. Kwance sukuru biyar ɗin, ka mayar da zaren cikin wani kwanson mai lafiya. Wanda aka liƙe ba sukuru, sai an tsaga shi a hankali da reza.

Idan ka ga farin gari ko funfuna a gefen naɗin zare, kada ya shiga dek tare da sauran. Ware shi a busasshen wuri a inuwa, shi ne na ƙarshe, kuma a wanke hed da zarar an gama da shi. Zaren da ya tsinke ana haɗa shi ta baya, ɓangaren da ba ya taɓa hed, da tef na haɗa zare. Salatif yana tsatso gam bayan ɗan lokaci ya manne zagayen da ke kusa da shi.

Injiniyan Sauti

Mai Gyaran Rediyo ya gama da inji, bari in ɗora daga wayar haɗi.

Tsatstsagewar da ka ji daga ramin makirfo take. An yi shi ne don siginar da ba ta wuce 'yan milibolt ba, shi kuwa Line Out yana fitar da kusan bolt 0.3, wani lokaci fiye. Ƙari a kan haka, ramin laftof na yanzu na iyafis ne da makirfo a haɗe, layi ɗaya kawai yake karɓa. Mafita ita ce ƙaramin akwatin sauti na USB mai ramukan shiga fari da ja, irin Behringer UCA202 ko UCA222. Wayar RCA, mai kawuna fari da ja, daga Line Out na dek zuwa Input na akwatin, shi kuma zuwa USB. Kwamfutar tebur mai shuɗin rami a baya ba ta buƙatar akwati, shuɗin shi ne Line In, wayar RCA mai ƙaramin kai na milimita 3.5 ta wadatar. Idan rikodar ba ta da komai sai ramin iyafis, yi amfani da shi, amma fara da ƙara a kashi ɗaya cikin uku, ka mayar da Bass da Treble tsakiya.

Gurnanin kuma na wuta ne. Wutar Najeriya da Nijar tana kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, shi kake ji. Zare cajar laftof ka saurara. In ya ɗauke, to ka yi naɗin a kan batir, ko ka jona dek da kwamfuta a soket ɗaya. Nisanta wayar sauti da caja da sitabilaiza, kuma kada a ajiye wayar hannu kusa da dek. Kan janareta ƙarami ba na ba da shawara, wutarsa tana hawa da sauka.

Manhaja: Audacity, kyauta ce. A Audio Setup zaɓi akwatin USB a matsayin abin ɗauka, layi biyu (hagu da dama), 44100 Hz. Windows yakan ɗauki akwatin a matsayin makirfo ya sa shi a layi ɗaya, don haka shiga saitin sauti ka mayar da shi layi biyu, ka kashe duk wani gyaran murya na kai tsaye. Kunna wurin da ya fi ƙara a kaset, ka daidaita har ma'auni ya tsaya wajen -6 dB. Idan ya taɓa 0, kan igiyar sautin ya yanke ke nan, kuma ba ya gyaruwa. Gara ya yi ƙasa kaɗan a ɗaga daga baya.

Danna Record a kwamfuta kafin Play a dek, ka bar daƙiƙa biyar na shirun zare a farko, zai yi amfani. Kowace fuska fayil ɗinta daban. Kashe barcin kwamfuta, kuma Timer Record zai tsayar da naɗi da kansa idan ka ba shi minti 48 don fuskar C90, tunda zaren yakan ɗan zarce 45.

Abin da mutane suka fi tsallakewa shi ne saitin kwanciyar hed. Kowane kaset an naɗe shi a kan inji dabam, kuma idan tsagar hed ɗinka ba ta yi daidai da yadda aka rubuta a zare ba, sai murya ta fito kamar ana magana cikin bargo. A gefen hed akwai sukuru biyu, ɗaya yana kan sifirin. Cire murfin ƙofar dek, yi wa sukurun mai sifirin alama da alƙalamin maka, kunna kaset, ka saurara da layukan biyu a haɗe wuri ɗaya. Juya shi kaɗan kaɗan hagu da dama, da wuya a wuce rubu'in zagaye, har inda "s" da "sh" suka fi fitowa tas. Sukurudireban kada ya zama mai maganaɗisu. Kaset na kasuwa da aka kwafa da injin sauri su suka fi buƙatar wannan, wani ma sai an sake saiti a fuska ta biyu.

Maɓallan dek: yawancin kaset ɗinmu Normal ne, Type I. Na Chrome da Metal suna da ƙarin ramuka a sama, a mayar da maɓalli gare su idan dek ba ya ganewa da kansa. Dolby kuwa a bar shi a kashe sai an ga tambarinsa a jikin kaset. Kunna shi a kan abin da ba da shi aka naɗa ba yana rage shuuu, amma tare da kaifin murya yake tafiya.

Ma'ajin Fayil

Ina tare da Injiniya, sai dai wurin adanawa ina da ƙari.

Da zarar fuska ta ƙare, yi Export zuwa WAV, nau'in fayil ɗin sauti da ba a matse ba, kafin ka taɓa komai. Save Project ba fayil ɗin sauti yake bayarwa ba, Audacity ne kaɗai ke buɗe shi. Wannan ɗanyen kwafi shi ne uwa, ba a gyara a kansa. Duk gyara a kan kwafinsa za a yi, domin abin da kunnenka ya ɗauka gyara ne yau, bayan shekara biyu kana iya jin ɓarna ce.

Lissafin wuri: WAV mai 44100 Hz da bit 16, layi biyu, yana cin kusan MB 10 a minti. C90 guda ya kusa GB 1, kaset 60 kuma wajen GB 57. Ma'adanan tarihi suna ɗauka a kan bit 24 da aƙalla 48000 Hz, wanda zai kai GB 93. Amma UCA202 bit 16 ne iyakarsa, kuma shuuu na kaset ya fi ƙarfin abin da bit 16 ke rasawa nesa ba kusa ba, saboda haka kada wannan ya tsayar da aiki. FLAC yana rage girman zuwa rabi ko sama da haka kaɗan ba tare da zubar da komai ba. MP3 na rabawa ne kawai: 64 kbps layi ɗaya ya ishi wa'azi, kusan rabin MB a minti, waƙa kuma 192.

A wurin gyara, a yi hannu da sauƙi. Zaɓi shirun nan na farko, Noise Reduction, Get Noise Profile, sannan ka zaɓi duka ka rage da 6 zuwa 9 dB. Wuce 12 yana sa murya ta koma kamar daga cikin randa. Gurnanin da ke cikin zaren tun asali, Notch Filter a kan 50, in bai tafi ba a ƙara 100 da 150. Normalize zuwa -1 dB shi ne na ƙarshe. Kaset ɗin da aka naɗa da rikoda mai layi ɗaya, saurari hagu da dama dabam, sau da yawa ɗaya ya fi tsabta, sai a riƙe shi.

Suna kuma: a rubuta lamba a jikin kowane kaset, a sa ta a fayil, misali 014A da 014B, sai sunan mai karatu da sura da shekara idan an rubuta. Ɗauki hoton takardar kaset ka ajiye a folda ɗaya. Kwafi biyu aƙalla, a wurare biyu, kuma filash ba ma'aji ba ne. Kaset ɗin ma kada a zubar, a jera su a tsaye cikin kwansonsu, nesa da rana da sifika.

Mai Neman Sani

Allah Ya saka da alheri. Saura ɗaya: akwai wasu da muryar malam ta sirance tana sauri, alhali sauran lafiya lau suke a inji guda. Dek ne ko kaset?

Injiniyan Sauti

Kaset ne, Malam. Rikodar da aka naɗa da ita tana tafiya a hankali a lokacin, yawanci batir ne ya yi sanyi, to da aka kunna a gudun daidai sai komai ya yi sama. Kada ka taɓa saitin motar dek. A Audacity yi amfani da Change Speed (a sababbin fitowa Change Speed and Pitch), wanda ke sauya gudu da kaurin murya tare, ba Change Tempo ko Change Pitch ba.

Idan da wuta aka yi naɗin kuma gurnani ya shiga zaren, ka samu ma'auni. Zaɓi wurin shiru, buɗe Plot Spectrum, ka ɗaga Size zuwa 16384 ko sama don ƙananan lambobi su rabu. In tsinin ya fito a 52 maimakon 50, raba 50 da 52, ka sa 0.962 a Change Speed. Na batir ba shi da wannan alama, sai a kwatanta da wani kaset na malamin da muryarsa take daidai. Kuma da yake batir a hankali yake mutuwa, saurin yakan ƙaru zuwa ƙarshen fuska, don haka a yanka ta gida uku ko huɗu, kowane yanki da nasa lissafin.